Tambaya da Amsa: Tsarin Tarayya da Tsarin da Ba Shi da Cibiya, Wa Ake Amince wa a Cikin Manhaja?

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso wannan fili daga Sakkwato sun taɓo magana ɗaya ta fuskoki daban-daban, shi ya sa muka haɗa su a fitowa ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A darasin tsaron manhaja an ce mana akwai tsarin amana na tarayya, akwai kuma wanda ba shi da cibiya. Ni dai a ganina duka biyun abu ɗaya suke nufi, wato kada kamfani ɗaya ya riƙe komai. Ina ainihin bambancinsu yake, kuma wanne ya fi tsaro? Daga ɗalibinka a Dundaye.

AMSA: Wa alaikumus salamu, ɗan'uwa. Gaskiya ne tsare-tsaren biyu sun haɗu a kan ƙin miƙa wuya ga kamfani ɗaya, amma daga nan hanyarsu ta rabu. Duk manhajar da mutane suke mu'amala a cikinta tana buƙatar sanin abu biyu a kowane lokaci: wane ne wannan mai magana, kuma abin da ya faɗa haka yake? A tsarin cibiya ɗaya, irin na Facebook, kamfanin ne yake yanke hukunci a kan duka biyun. A tsarin tarayya kowane mutum yana da gidan da ya yi rajista, gidan ne yake tsaya masa, su kuma gidajen sun amince da wata ƙa'ida da za su riƙa karɓar shaidar juna a kanta. A tsarin da ba shi da cibiya kuwa babu mai tsaya wa kowa, domin kowace na'ura ita take tantance abin da aka kawo mata da kanta, ta hanyar lissafi da makullan sirri.

Tsarin tarayya kana cikinsa kullum ko da ba ka lura ba. Mai layin MTN yana kiran mai layin Airtel, kuma tun daga 2013 mutum yana iya sauya kamfani a Najeriya ya tafi da lambarsa. Mai adireshin Gmail yana aika wa mai adireshin Yahoo wasiƙa, saboda duka kamfanonin suna bin ƙa'idar SMTP wadda Jon Postel ya wallafa a 1982. Idan ka tura kuɗi daga bankinka zuwa wani banki, bankinka ne yake shaida cewa kai ne mai asusun kuma kana da kuɗin, ɗaya bankin ya yarda da wannan shaida, NIBSS kuma, wato kamfanin daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, tana tsakiya tana daidaita lissafinsu. A jami'o'in duniya akwai eduroam, inda ɗalibi yake shiga intanet ɗin jami'ar da ya ziyarta da sunansa da kalmar sirrinsa ta gida. Jami'ar da ta karɓi baƙuncinsa ba ta san shi ba, tambayar jami'arsa take yi, idan aka ce nata ne sai ta buɗe masa. Ka lura cewa wasu tarayyar suna da mai daidaitawa a tsakiya kamar NIBSS, wasu kuma kamar imel ba su da shi, amma a duk cikinsu amanarka tana hannun wani gida mai suna, mai adireshi, wanda za a iya tuhuma.

Raunin wannan tsari ya fi fitowa fili a takardun shaidar shafukan intanet. Wannan ɗan kwaɗon da wasu burawuza (manhajojin buɗe shafukan intanet) suke nunawa a gefen adireshin shafi yana nufin wata hukuma daga cikin hukumomin da burawuzarka ta amince da su ta sa hannu cewa shafin na mai sunan ne. Hukumomin suna da yawa, suna ƙasashe daban-daban, kuma a asalin tsarin kowace ɗaya tana iya ba da shaida a kan kowane shafi a duniya. A nan ne wake ɗaya yake ɓata gari. A 2011 aka kutsa cikin na'urorin DigiNotar, wata hukumar shaida a ƙasar Holan, aka fitar da takardun bogi sama da 500, ciki har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen saƙonnin masu amfani da intanet kusan 300,000, mafi yawansu a Iran. Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna ƙarfin tarayya: masu burawuza suka cire DigiNotar daga jerin amintattu, kamfanin ya karye a watan Satumba na wannan shekarar, sauran tsarin kuma ya ci gaba da aiki. Daga baya, a 2013, aka fito da tsarin da ake rubuta kowace takardar shaida a wani kundi na fili wanda kowa zai iya dubawa, ta yadda mai shafi zai gane idan an fitar da shaida da sunansa ba da saninsa ba. Ko Symantec, duk da girmanta, an janye amincewa da takardunta a 2018 saboda sakaci wajen bayar da su.

Tsarin da ba shi da cibiya yana da tsohon misali a PGP, manhajar ɓoye wasiƙu da Phil Zimmermann ya fitar a 1991. A cikinta babu hukumar shaida ko ɗaya. Ni ne zan sa hannu a kan makullinka in ce na tabbatar naka ne, wani da ya amince da ni sai ya yarda da makullinka saboda sa hannuna, haka sarƙar take tafiya. Ɗalibin da ya zauna gaban malaman hadisi a zaurukan Sakkwato zai gane wannan da wuri, domin kama yake da isnadi: ana karɓar ruwaya gwargwadon amincin waɗanda suka ɗauko ta, wane daga wane. Sai dai isnadi ya tsaya da ƙafarsa ne saboda an samu malamai da suka ƙarar da rayuwarsu wajen tantance maruwaita, suka bambance mai ƙarfin hadda da mai rauni da maƙaryaci. PGP ta ɗora wannan aiki mai nauyi a kan kowane mai amfani da ita, kuma yawancin mutane ba su da lokacinsa ko iliminsa. Shi ya sa ba ta fita daga hannun ƙwararru ba, a 2019 kuma wasu suka cika makullan wasu sanannun masu aikin da dubban sa hannun banza har manhajar masu sauke su ta riƙa cijewa.

Wannan ya kawo mu ga babbar matsalar duk tsarin da ba shi da mai gadin ƙofa: mutum ɗaya yana iya ƙirƙirar sunaye dubu ya yi kamar jama'a ne. Idan ƙuri'a za a kaɗa, shi kaɗai zai rinjaye. Bitcoin, kuɗin intanet da ake rubuta cinikinsa a kundi ɗaya da na'urori masu yawa suke riƙe da kwafinsa, wanda takardarsa ta fito a watan Oktoba na 2008 da sunan Satoshi Nakamoto kuma ya fara aiki a Janairun 2009, ya magance wannan da sanya tsada a kan ƙuri'a. Ba a ƙidaya sunaye, ana ƙidaya aikin lissafin da na'ura ta yi, wanda yake cin wutar lantarki da kuɗi. Dabarar ta yi aiki, amma kuɗinta ba kaɗan ba ne: shafi ɗaya na kundin yana fitowa ne kusan kowane minti goma, cinikin da tsarin yake iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya bai wuce kamar bakwai ba, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa ko da kuskure ne ko sata.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa tsare-tsaren biyu duk suna zamewa zuwa ga hannun 'yan kaɗan idan aka bar su. Imel tarayya ne a ƙa'ida, amma yau wanda ya kafa ƙaramar sabarsa yakan tarar da wasiƙunsa suna faɗawa kwandon shara a manyan kamfanoni, domin yaƙi da saƙonnin banza ya sa manyan suna yi wa baƙo kallon tuhuma. A Bitcoin masu haƙa, wato masu na'urorin da suke yin wancan aikin lissafi, sun taru a ƙungiyoyi, har a 2014 wata mai suna GHash.io ta taɓa haura rabin ƙarfin haƙar duniya na ɗan lokaci. Masu riƙe kuɗin kuma, saboda tsoron ɓatar da makulli, suna kai su ajiya a kasuwannin musaya, wato an gudu ba a tsira ba: Mt. Gox ta Jafan ta rushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, FTX kuma ta bi ta a Nuwamban 2022. Ko kundin da ake cewa ba ya canzawa an taɓa canza shi. A 2016, bayan an kwashe Ether, kuɗin wani tsari mai kama da Bitcoin da ake kira Ethereum, kusan miliyan 3.6 daga wani asusun haɗin gwiwa da ake kira The DAO, jagororin Ethereum da rinjayen masu amfani da shi suka sauya manhajar don a mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi kuma suka ci gaba da tsohon kundin da sunan Ethereum Classic. Ashe akwai mutanen da ake sauraro a can ma, bambancin kawai ba su da ofishin da za ka kai ƙara.

Game da wanne ya fi tsaro, sai ka fara faɗin wanda kake tsoro. Idan tsoronka ɓarawo ne, ko kuskurenka, ko mantuwa, tarayya ta fi, saboda akwai mai dawo maka da asusunka da mai dakatar da cinikin zamba. Idan tsoronka shi ne mai riƙe da ƙofar kansa, wato hukuma ko kamfanin da zai iya rufe asusunka ko toshe maganarka, tsarin da ba shi da cibiya ya fi, da sharaɗin ka iya tsare makullinka. A jarrabawa ka rubuta duka biyun. A wurin aiki za ka tarar yawancin mutane tsoro na farko ya fi damun su.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu fataucin albasa, muna da rassa a Goronyo, Wurno, Gada da Kware. Muna yin adashi, muna ba mambobi bashi, muna kuma ajiye kaya a rumbunan ƙungiya. Wani matashi daga cikin 'ya'yanmu ya ba da shawarar mu mayar da littafin lissafinmu kan bulokcen, wato irin kundin da Bitcoin yake amfani da shi, ya ce idan aka yi haka babu wanda zai iya ha'inci. Kafin mu kashe kuɗin mutane, me ka gani?

AMSA: Amin, Malam Sakatare, kuma kun kyauta da kuka tsaya tambaya. Maganar yaronku tana da gaskiya a wuri ɗaya: abin da aka rubuta a irin wannan kundi yana da wuyar gogewa a ɓoye. Amma ha'incin da yake kashe ƙungiyoyi irin taku yawanci yana faruwa ne kafin a rubuta. Idan mai kula da rumbu ya karɓi buhu ɗari ya shigar da tamanin, kundin zai adana tamanin ɗin da cikakkiyar amana har abada. Lissafi yana iya tabbatar da cewa makullin wane ne ya sa hannu, amma ba ya iya leƙa rumbu ya ƙidaya buhuna, ko ya gane albasar da ta ruɓe da wadda aka karkatar. Wannan aikin mutane ne, kuma ku kuna da su.

Abu na biyu shi ne makulli. A tsarin da ba shi da cibiya, dukiyar mutum tana rataye ne da wasu kalmomin sirri goma sha biyu ko ashirin da huɗu. Wanda ya ɓatar da su ya yi asara, wanda aka yaudara ya faɗa wa wani ya yi asara, kuma babu shugaban ƙungiya ko alƙalin da zai iya umartar kundin ya mayar. Ku yi tunanin ranar da mamba ya rasu ba tare da ya bar wa kowa kalmominsa ba, magada sun zo, alƙali ya raba gado, amma dukiyar marayu tana kulle a inda babu mai iya buɗewa. Ƙungiyar da take da dattawa da mambobin da ba su saba da wayar zamani ba ba ta kamata ta ɗauki wannan kasada ba.

Na uku, hanyar sadarwa. Kun fi ni sanin abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Kundin da yake buƙatar na'urorin duniya su amince kafin ciniki ya tabbata ba ya motsi a irin wannan hali. Reshen da yake riƙe da littafinsa kuwa yana iya ci gaba da aiki, ya daidaita da sauran idan hanya ta buɗe.

Abin da ya dace da ku ƙaramar tarayya ce, kuma tsarinku na rassa huɗu ya riga ya shirya mata. Kowane reshe ya riƙe littafinsa a kwamfuta ko waya, kowace shigarwa ta ɗauki sa hannun mutum biyu, duk bashin da ya kai wani adadi da kuka yanke kuma sai wani daga wani reshe ya sa hannu. A ƙarshen kowane mako ko wata kowane reshe ya aika wa sauran ukun kwafin littafinsa, domin wanda ya so gyara tsohon lissafi ya san akwai kwafi uku da za su ƙaryata shi. Mamba kuma ya riƙa samun saƙon tes duk lokacin da aka taɓa asusunsa. Akwai ma hujjar ilimi a kan adadinku: binciken da Leslie Lamport da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1982 ya nuna cewa ɓangarori huɗu suna iya cimma matsaya ɗaya ko da ɗaya daga cikinsu yana yaudara, alhali uku ba sa iyawa idan saƙonnin ba su ɗauke da sa hannun da ba a iya ƙirƙira. Kuɗin kansu su zauna a asusun banki mai masu sa hannu fiye da ɗaya, inda inshorar NDIC, hukumar kare ajiyar masu asusun banki, take aiki.

Kada sunan fasaha ya ruɗe ku. eNaira da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Oktoban 2021 an gina ta da fasahar bulokcen, amma bankin ne yake riƙe da ragamarta gaba ɗaya, saboda haka ba ta cikin tsarin da ba shi da cibiya. Manyan kamfanoni ma sun gwada abin da ake ba ku shawara: Maersk da IBM sun kafa TradeLens don bibiyar kayan jiragen ruwa, a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe ta, saboda ba su samu haɗin kan sauran masu harkar yadda ake buƙata ba. Tsarin da ba shi da cibiya an yi shi ne domin mutanen da ba su san juna ba, ba su da kotu ɗaya, ba su kuma yarda da wani mai shiga tsakani ba. Ku kuwa kuna haɗuwa a kasuwa, kun san gidajen juna, kuna da masu unguwanni da alƙalai. Shi yaron ku ba shi aikin gina wancan tsarin na rassa, zai ƙaru da shi, ku ma ku ƙaru.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Mabera. Tun lokacin da aka rufe Twitter nake jin ana cewa akwai dandalin da babu mai iya rufewa, wai Mastodon. Gaskiya ne, kuma asirin mutum yana rufe a can?

AMSA: Malama, rabin maganar gaskiya ne. An dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma hakan ya yi sauƙi ne saboda kamfani ɗaya ne mai adireshi sananne. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, tarayya ce ta dubban sabobi masu zaman kansu da suke magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub, wadda W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a 2018. Toshe dukkansu yana da wahala, amma toshe wadda kike ciki ba shi da wahala, kuma mai ita yana iya rufe ta idan kuɗin ɗawainiya ya gagare shi ko ya gaji. Idan kika ƙaura zuwa wata sabar da wuri, mabiyanki za su bi ki, tsofaffin rubuce-rubucenki kuwa ba sa bin ki. Sabobi suna kuma yanke hulɗa da juna, kamar yadda da yawa suka yi wa wani dandali mai suna Gab a 2019, saboda haka wanda za ki iya ji ya danganta da shawarar mai sabarki.

Batun sirri shi ne inda ya kamata ki yi hattara. Saƙon da kika aika wa mutum ɗaya a Mastodon ba a ɓoye yake daga mai sabar ba, naki da na wanda kika aika wa duk suna iya karantawa idan sun so. A wannan fuskar WhatsApp da Signal, duk da cewa kowannensu na hannun kamfani ko gidauniya ɗaya ne, sun fi rufin asiri, domin saƙonninsu a kulle suke daga waya zuwa waya. WhatsApp ta kammala wannan ga duk masu amfani da ita a 2016. Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya kafa hujja a wannan shekarar da cewa tarayya tana daskarar da ci gaba, tunda duk wani gyara sai an jira gidaje masu yawa sun yarda, kuma imel, wanda har yau yawancinsa ba ya da irin wannan kulli, yana goyon bayan hujjarsa. Akwai Matrix, tarayya ce kuma tana kulle saƙonni, ga mai son haɗa biyun. Idan za ki shiga Mastodon don rubutu na fili, ki zaɓi sabar da ta daɗe, wadda ta bayyana dokokinta da masu gudanar da ita, ki riƙa sauke kwafin bayananki lokaci zuwa lokaci, maganar ɗalibai da iyayensu kuma kada ta bi ta can.